Kukan Bilenda

"Kashe ta! Sadiqa, don girman Allah ki kashe!"

Na fizge wayar bilenda daga bango. Mijina Tayyib yana durƙushe a bayan ƙofa, ya toshe kunnuwansa.

"Sun zo... Baburansu ne, na ji su!"

"Ba kowa, masoyina, ni ce. Kankana da ayaba nake markaɗa maka."

Tun da 'yan bindiga suka sako shi, bayan sun ɗauke shi a hanyar Ruma, ba ya iya tauna, don sun ji masa ciwo a muƙamuƙi da gindin bindiga. A asibitin Batsari aka ce in riƙa ba shi abu mai ruwa-ruwa. Ni kuwa sarkin dabara sai na ɗauko bilendar da ya saya mini muna amarci. Ko kaɗan ban tuna kukanta irin na babur ba ne.

Yayana Armaya'u yana tsakar gida, ya zo daga Safana da saƙon Baba. A kunnensa aka yi komai.

"Kin gani ko? Baba ya ce ki taho gida har ya warke. Ga ki da juna biyu, kuma an ce rannan ya ture ki cikin firgita..."

"Bai san ni ce ba, Yaya!"

"Ki bi shi," Tayyib ya faɗa, kansa a ƙasa. "Wanda kika aura yana can daji, Sadiqa. Wannan da ya dawo, bilenda ma tsoronta yake ji."

Maganar ta soke ni, don akwai gaskiya a cikinta. Wani lokaci nakan kalle shi in rasa mijina a fuskarsa, tsoro ya kama ni. Amma haushi ya fi tsoron yawa. Na yi ta kuka ina roƙon Allah ya dawo mini da shi, yanzu kuma in tafi?

Na ɗauko ƙwarya da ludayi, na juye kankanar da ayabar, na zuba kindirmo da jiƙaƙƙen dabino. Na zauna a gabansa ina damawa kamar fura, a hankali, ba ƙarar komai.

"Sha, rabin raina."

Ya daɗe yana kallon ƙwaryar kafin ya kurɓa. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa.

"Har yanzu... ba ki iya damu ba. Duk gudaji."

Haka yake tsokanata tun yana zuwa zance gidanmu! Na fashe da kuka ina dariya.

"Ka ji, Yaya? Yana nan! Ka faɗa wa Baba ya yafe mini, ba zan iya barinsa ba."

Yaya ya goge ido da bakin hularsa.

"Allah shi ba shi lafiya. Ni zan yi wa Baba bayani."

Ta ƙofar gida na hango shi. Bai tayar da babur ɗinsa ba, turawa yake yi a cikin rana, har ya sha kwana.

Can nesa muka ji ya tayar. Tayyib ya damƙe hannuna har na ji zafi.

Amma bai saki ƙwaryar ba.