Tabo a Babban Yatsa

“Baba, don Allah ka dubi hannayen da kyau!”

Gwana ce ta faɗa wa mahaifin Auta, da ƙarfi yadda duk wanda ke zauren zai ji. 'Yar ajin Auta ce a makarantar koyon zane, kuma tun ranar da ta gane kafintan da ke yi musu firam ɗin zane ba ita yake kallo ba, ta ɗora wa Auta karan tsana.

Auta ta waigo da sauri.

Ranar baje kolin ƙarshen shekara ce. Zanenta goma sha biyu na rataye a bango: mai lemo, direba, tsohuwa tana zura zare a allura... na ƙarshe kuwa Baba ne zaune a kujerarsa.

“Mace da namiji, duk hannu ɗaya!” in ji Gwana tana dariya. “Ga tabo nan a babban yatsan hagu. Ko wa ke da irinsa a nan?”

Auta ta bi zanen da ido ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ita kanta ba ta taɓa lura ba!

Bara warhaka ko hannun kirki ba ta iya zanawa. Duk wanda ta zana sai ta cusa masa hannu a aljihu. Ranar da ta kai aikinta na farko shagon kafintan, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce:

“Mutanen naki sanyi suke ji ne?”

Haushi ya sa ta kusa kuka. Sai ya ajiye guduma, ya ɗora hannunsa a kan benci.

“Ga nawa. Ki yi ta ɓatawa har ki iya.”

Ta kuwa ɓata takarda ta fi ɗari. Duk Asabar tana zaune a kan ɗan kututture cikin ƙurar katako, yana goge firam tana zana yatsunsa. A nan ta iya, a nan kuma zuciyarta ta tafi ba ta yi sallama ba. Da ya je wurin Baba neman aurenta, magana ɗaya aka yi masa: a'a. Yaya ma ya sa baki, wai ƙanwarsa ta fi ƙarfin mai ƙusa da guduma. Wata uku ke nan ba ta taka shagon ba.

Yau ga kafintan can bayan zaure, ya zo kafa ƙusoshin rataya. Ya ɓoye hannun hagunsa a baya, yana girgiza mata kai: kada ki ce komai.

Malama ta yi gyaran murya don ta kashe maganar.

“Auta, zo ki yi jawabin godiyarki.”

Auta ta fito gaba. In ta ce kuskure ne, an wuce wurin, shi kuma ta rasa shi har abada.

“Na gode wa Malama, da ba ta gaji da ni ba,” ta fara. “Na gode wa Baba da ya bar ni na zo nan, ko da yake yana cewa wasan yara ne. Gwana, ke ma na gode... kin nuna mini abin da idona bai gani ba.”

Hawaye suka zubo mata.

“Hannunsa ne. Duk abin da na iya a shekarar nan a kansa na koya. Na yi biyayya, Baba, na daina zuwa... amma ban daina sonsa ba.”

“Auta!” Yaya ya daka mata tsawa. “Kanki ɗaya kuwa?”

Baba ya ɗaga hannu ya dakatar da shi. A hankali ya taka zuwa gaban hotonsa. Ya dubi hannun da ke zanen, ya dubi nasa, ya juya shi gaba da baya.

“Kai kafinta, zo nan.”

Ya zo kansa a ƙasa. Da zai wuce ta ya yi raɗa: “Autata, me ya kai ki?”

“Miƙo,” in ji Baba.

Ya miƙa. Baba ya riƙe hannun, ya shafa tabon da yatsa.

“Me ya ji maka ciwo?”

“Zarto, Baba. Ina yaro.”

“Kai ka sa ta faɗi wannan maganar?”

“Wallahi hana ta nake yi.”

“Na gani,” in ji Baba. Ya juyo ga 'yarsa, idonsa ya yi ja. “Shekara ashirin da biyu hannun nan nawa yana riƙe da ke, amma da kika tashi zana ni sai kika cire shi kika sa na wani.”

“Ka yafe mini, Baba...”

“Yi shiru, Autata. Ya yi kyau. Ban san kin iya haka ba.”

Bai saki hannun kafintan ba. Ya ce masa:

“Gobe da la'asar ka zo gida. Wannan karon ka shigo ciki ka zauna.”