Abin da Babban Talabijin Ya Nuna Mata

"Wannan talabijin ne ko ƙofar gareji?"

Auta ta tsaya a tsakiyar falo, hannu a ƙugu. Sai da maza uku suka karkata shi kafin ya shigo, suka kankare fentin ƙofa, yanzu ga shi manne da bango ya cinye rabin taga. Mijinta, wanda kowa ke kira Dogo, sai washe baki yake yi yana share gumi.

"Inci tamanin da biyar ne, masoyiya. Zauna ki gani."

"In zauna ina? Ko bangon can na jingina, sai na juya wuya kafin in ga ƙarshensa!"

Ya kunna. Mai karanta labarai ta faɗo musu cikin falo, kanta kaɗai ya kai girman firij, har ƙurajen da ta ɓoye da hoda ana iya ƙirgawa. Auta ta ja da baya ba shiri.

"Kai! Baiwar Allah ba ta san asirinta ya tonu a gidanmu ba."

Dogo ya yi dariya, ita kuwa ko murmushi. Ta shiga kicin, ta fito babu komai a hannu. Ta gyara labule, ta sake gyara shi. Ta zauna, ta miƙe.

Gaskiyar magana ba girman ne ya hana ta sukuni ba. Babanta mai gyaran talabijin ne, shekara talatin yana sunkuye a kan tsofaffi masu ƙaton baya. Dogo a hannunsa ya koyi aiki shekara shida, sannan rana ɗaya ya koma shagon da ake sayar da sababbi, irin waɗanda in allonsu ya mutu sai dai a jefar. Baba ya kira abin cin amana. Da maganar aurensu ta taso ya ce ba zai hana ba, amma ƙafarsa ba za ta taka wurin bikin ba. Ƙaninsa ne ya tsaya mata. Yau wata tara ke nan tana kiransa, wayar na ringi har ta katse.

Shi ne yanzu za a kawo mata wannan dodon a kafa a falo? Ji take kamar Baban aka yi wa gwalo.

"Zo mu kalli bidiyon bikinmu," in ji Dogo, yana soka filasha a bayan talabijin ɗin.

"Na kalla a waya ya fi sau hamsin."

"Ki dai zo, don Allah..."

Ta zauna a hannun kujera, ba don ranta ya so ba. Ga ta nan tana shigowa ɗakin taro, kowane dutse na jikin rigarta yana ƙyalli daban. Tana kaiwa tsakiya, Dogo ya mayar da hoton baya. Ta sake shigowa. Ya sake mayarwa.

"Wai sau nawa zan shigo ne? Ba ni rimot ɗin nan!"

"Ki daina kallon kanki, Auta. Ki kalli bayanki."

Ta kalla. Can bayan baƙi akwai ƙofar gilashi, bayan gilashin motoci ne a jere. A waya, abin da ke wurin bai wuce ɗigo ba. A nan kuwa mutum ne tsaye a jikin wata mota, sanye da rigar da ba ya sawa sai zuwa wuri mai muhimmanci. Ya cire tabarau yana goge ido da bayan hannu.

Ta miƙe ta je har jikin allon, ta ɗora yatsa a kan fuskar.

"Baba...!"

Ta juyo, idonta ya kaɗa. "Ka sani?"

"Na hango shi ranar. Na zagaya zan gaishe shi, ya damƙe hannuna ya ce in na faɗa miki bai yafe ba."

"Wata tara, Dogo! Wata tara ina kuka a gabanka, kana kallona!"

"Ni ma ban ji daɗinsu ba, wallahi. Malamina ne, na yi masa alkawari ba zan faɗa ba, kuma ban faɗa ba." Ya sunkuyar da kai. "Kullum in an tashi aiki sai in gwada filashar nan a shago. A mai inci hamsin inuwa ce kawai. A mai sittin da biyar rigar ta fito. Sai a wannan na ga fuskarsa."

Ta rasa ko ta rufe shi da duka ko ta rungume shi. Sai ta kai masa dundu ɗaya a kafaɗa, ta kifa kanta a wurin tana kuka.

"Tashi ka kai ni."

A bakin layi ya tsaya, ita ta ƙarasa. Shagon Baba na nan yadda ta san shi, ƙaurin dalma da tsofaffin talabijin jibge har rufi. Baba na sunkuye a kan teburi. Ta yi sallama, ya amsa bai ɗago ba, amma hannunsa ya daina motsi.

Ta durƙusa a gefen kujerarsa. "Baba, ka zo bikina."

"Shi ya gaya miki?"

"Bai gaya min ba. Da idona na gan ka."

Ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa a hankali, ya cire tabarau.

"Takalmin nan ya matse ki ranar," ya ce. "Tun daga bakin ƙofa na ga kina ɗingishi. Mutum ɗari a ɗakin nan, babu wanda ya lura... ni kuma na rasa wanda zan aika ya ce a canza miki."

Auta ta kifa fuska a gwiwarsa, kukan ya ƙwace mata. Ya ɗora hannu a kanta, bai ɗauke ba.