Launin Haƙorina Na Da

"Buɗe baki, 'Yar Giɓi..."

Na buɗe. Sunan da a da yake sa ni rufe fuska don kunya, yau ya wuce ta kunnena kamar kiran mai talla.

Yaya ce ta ja ni zuwa asibitin haƙorin nan, wai ta gaji da ganina ina magana da hannu a baki. Ba ta gaya mini wanda zan tarar ba. Likita ne, wanda na kusa aura.

Shi ya gyara mini haƙorin gaba lokacin da na faɗo daga matakala ya gutsure. Ya liƙa masa siririn ɓawon tangaran da gam, ya haska shuɗiyar fitila har ya kama. Ranar ya ce, "Wannan gam ba ya canja launi. Ni ma haka."

To, ga shi dai duka biyun sun canja.

'Yar ƙanwar Hajiyarsa, wadda ta daɗe da sa masa ido, ita ta kai labari wai farfaɗiya ce ta kayar da ni. Hajiya ta ce ba a gidanta ba. Shi kuwa gwanin ciro haƙori daga bakin mutane, kalma ɗaya ta gagara fitowa daga nasa. Na yi kukana na gama. Daga nan ban ƙara jin daɗi ko zafin komai ba.

"Ɓawon lafiyarsa lau," ya ce yana ƙwanƙwasa shi a hankali. "Gam ɗin da ke ƙasa ne ya tsufa. Yana shan ruwa a hankali, ga shayi, ga sanyi da zafi. Sai ya yi rawaya, ya dushe, haske ya daina ratsa shi."

"Ai ka ce ba ya canjawa."

"Na faɗi abubuwa da yawa..."

Ya yi mini allurar kashe zafi. Leɓena ya yi nauyi kamar na aro. Na zuba wa fitilar sama ido, injin yana kuka a bakina har tsohon ɓawon ya fita.

Sai ya ɗauko wani ɗan akwati.

"Tun da Yaya ta kira ni na sa aka yi sabo. Awon bakinki yana wurina, launin haƙorinki kuma ban taɓa mantawa ba. Hajiya ta gane ƙarya aka yi miki, masoyiya. Wadda ta ƙulla abin ma ta yi aurenta tuni. Ni ban yi ba!"

"Allah sarki," na ce da rabin baki.

Ya ɗora sabon ɓawon, ya juya kujerar ta fuskanci taga, don su likitocin haƙori a hasken rana suke gwada launi. Ya miƙo madubi.

Fari tas! Yana ta ƙyalli shi kaɗai a tsakanin sauran haƙorana, kamar baƙo a gidan makoki.

Ya ƙura wa haƙorin ido. Likita guda, ya manta cewa ba gam kaɗai ke tsufa ba.

"Wannan na waccan yarinyar ne," na ce. "Wadda ka bari. Ba ta nan."

"Na sani... yanzu na sani."

Ya cire shi, ya ajiye. Ya jawo jerin haƙoran gwaji yana karawa da nawa ɗaya bayan ɗaya. Shi da bakinsa ya taɓa gaya mini ba a daɗewa ana kallo, ido yana gajiya ya yi ƙarya. Yau ya daɗe.

"Ki bar ni in auna wadda ke gabana yau," ya ce. "Duk launin da na samu, shi nake so."

"Wannan ma zai yi rawaya?"

"Zai yi. Amma ina nan lokacin da zai yi."

Ya liƙa mini ɓawon wucin gadi, na miƙe na gyara mayafi.

"Ka ce wa Hajiya ta zo wurin Baba da ƙafarta. Ba aike ba."

A mota allurar ta fara sakina. Zafi ya taso daga dasashi, ya sauka har ƙirji. Na ji ɗumi a kumatuna, na taɓa, ashe hawaye ne.

"Subhanallahi! Haƙorin ne?" Yaya ta tambaya.

"Yaya, zafi nake ji," na ce, ina kuka ina dariya, hannuna a kan cinya. "Wallahi zafi nake ji!"