Baƙon da Kwamfutar Ilu Ta Kira

Magariba ta kawo jiki a Gumel, Lauratu na kwashe tuwo a tsakar gida, sai wani abu ya faɗo tim a gefen murhu. Ta ɗauka dutse ne yaran unguwa suka jefo. Da ta haska fitila, sai ta ga hanjin akuya ne ruɓaɓɓe, tsutsa na motsi a ciki. Ranar babu wanda ya iya cin tuwon nan.

A shekarar 1998 ne. Mijinta Ilu ya sayo kwamfuta ta hannu daga Kano, ya ajiye a zaure yana buga wa mutane katin biki. Da yake wuta ba ta da tabbas, Obed, wani mutumin Kafanchan mai gyaran irin waɗannan na'urori, ya haɗa mata batir, ya rubuta mata umarni: in an ɗauke wuta ta adana aiki ta kashe kanta, in an kawo ta tashi ba sai an taɓa ta ba. Iyakar abin da ake buƙata ke nan. Amma Ilu mutum ne mai son a gani. Ya sa aka naɗi muryar 'yarsa Jannatu, yarinya mai murya garau, aka ƙara cikin umarnin. Don haka duk lokacin da wuta ta dawo, da mutum a zauren ko babu, sai ka ji ta: "Sannu da zuwa, bismillah, shigo." Lauratu ta ce masa wannan ba tsari ba ne, a riƙa kiran wanda ba a gani ba. Ya ce ba ta san zamani ba. Tir da irin wannan burga.

Bayan hanjin sai tumbi, sai ƙashi mai ɗanyen jini, kullum da almuru. Wari ya kama gidan, ƙudaje suka tare har cikin randa, maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar garwashi. Sannan abin ya koma kan Jannatu. Ta daina wanka, ta daina cin abin da uwarta ta dafa. Wata yamma Lauratu ta same ta durƙushe bakin kwata tana lasar abin da ba ya faɗuwa. Uwa ce, amma sai da ta juya ta yi amai kafin ta iya janye 'yarta. Ƙyamar nan ta fi komai yi mata ciwo, ta zauna ta yi ta kuka.

Ilu ya gwada asibiti, ba a ga komai ba. Sai ya hau mota zuwa Ɗanzomo, ya zo da Malam Cindo, dattijon da aka sani da karatu a kan masu iska. Sun iso rana na faɗuwa, an ɗauke wuta tun azahar. Malam ya sa aka share ɗaki, aka yi hayaƙin tazargade, ya zauna ya fara karatu a hankali. Can yarinyar ta sandare, wani baƙin yawu mai ɗoyi ya biyo gefen bakinta, wata murya mai kauri ta fito daga maƙogwaronta.

Malam ya tambayi aljanin ko shi wane ne, da abin da ya kawo shi gidan mutane. Ya ce mazauninsa jujin bayan mahauta ne a Maigatari, motar shanu ya biyo ranar kasuwa.

"Ni ban tsallako katanga ba, Malam. Wucewa nake, muryar yarinyar nan ta ce in shigo. Duk inda na je tsaki ake yi mini ana toshe hanci, nan kaɗai aka yi mini maraba. Hanjin nan ma tsaraba ce na kawo."

Ilu ya tuna da kwamfutar zaure, ya faɗa wa Malam. Malam ya ce na'ura ce ta yi magana, yarinyar ba ta san da shi ba. Aljanin ya nemi a bar masa zauren, Malam ya ƙi. Ya nemi a yanka masa akuya, Malam ya ɗaga murya da karatu har ya fara gurnani.

"Zan tafi. Amma inda na zauna na riga na ɓata shi. Kuma in aka sake kirana, ba fita."

Jannatu ta yi atishawa, jikinta ya saki. A daidai nan ƙwan lantarki ya kama, fanka ta fara juyawa, daga zaure suka ji kwamfutar ta soma ƙugin tashi. Ilu ya zabura ba takalmi, ya taka tumbin da ke tsakar gida, santsi ya kwashe shi, ya ƙarasa da rarrafe. Muryar ta riga ta fara, garau: "Sannu da zu..." Ya fizge wayarta daga jikin batir.

Muryar ta yanke. Da ya dawo, ƙazanta har gwiwa, ya tarar Jannatu ta buɗe ido tana neman ruwa. Ta dube shi ta ce, "Baba." Muryar a dishe, a kwarzane, kamar ana jan kwano a kan siminti. Haka ta zauna mata har ta girma.

Washegari Obed ya ce sai an kunna na'urar kafin a goge umarnin, kuma in ta tashi sai ta yi maganar. Ilu ya naɗe ta a buhu, ya tura ƙarƙashin gado. Muryar 'yarsa ta asali tana ciki, lafiya lau, kuma bai isa ya sake jin ta ba.