Gasasshiyar Kazar Rumasa'u

Da hantsi Inna Saudatu ta shigo ɗakin amaryar ɗanta rungume da tulun samin, ta dire shi a gaban Rumasa'u. Samin shi ne man shanun da Larabawan ƙauye ke kawowa Makka, kuma tun kafin a ɗaura auren Hashimu ta tanadi wannan tulun.

"Yau ke ce da murhu," in ji ta. "Kaza tana nan an yanka, an fige. Baban Hashimu yana son ya tsoma gurasa a kwano ya ɗago ta tana ɗigar mai. Kada ki ji tausayin tulun nan."

"To, Inna," Rumasa'u ta amsa, kanta a sunkuye.

A gidajen Hausawan unguwar Tandabawi da ke Makka na wancan zamani, 'yan shekaru bayan an gama yaƙin duniya, girkin farko na amarya ba abin wasa ba ne. Kaza ake soyawa a murhun gidan a kai wa uban miji, matan dangi su taru su leƙa kwanon kafin a fita da shi zaure. Yawan man da suka gani, shi ne girman da yarinya ta ba gidan. Rumasa'u kuwa dama ido na kanta. Mutanen gidan Baba Abdulganiyyu, mahaifin Hashimu, haifaffun Makka ne tun kakanni, ita kuma iyayenta ta Sudan suka biyo, suka yi shekaru a hanya. A rumfar mahaifiyarta da ke unguwar Rusaifa, inda suke sayar da yaji da kuka, Hashimu ya gan ta, ya kafe sai ita. Inna ta yarda, amma da kyar.

Fitar Inna ke da wuya Hashimu ya shigo, ya sake labule, ya yi ƙasa da murya.

"Ki bar tulun nan a rufe. Ko ɗigo kada ya shiga abincin Baba."

"Yaya, yanzun nan Inna ta ce—"

"Na ji abin da ta ce. Saurara. Kwanan baya na raka Baba wurin hakim, likitan nan. Ciwon nan da ke kama shi a ƙarƙashin haƙarƙari in ya ci abinci, hakim ya ce mai ne ke tayar da shi, in bai bari ba, zai kwantar da shi. Kin san aikinsa, shi ke jagorar alhazan ƙasarmu zuwa Mina da Arfa a ƙarƙashin ubangidansa. In aka ji ba shi da lafiya, kafin aikin hajji ya zo an ba wani jagorar. Ya sa na rantse ba zan gaya wa Inna ba, don abin da Inna ta ji da safe, kafin azahar duk unguwa ta ji. Ke ma amana na ba ki."

Rumasa'u ta dubi tulun, ta dube shi. "To in ba suya ba, yaya zan yi da kazar?"

"Ke kika san girki."

"Kai kuma ka san Inna. In ta taso mini, za ka tsaya?"

"Ina nan," ya ce.

Lokacin sanyi ne, kayan lambun Ɗa'ifa sun cika kasuwa. Ta aike shi ya sayo karas, kabewa, albasa, dankalin turawa, da lifti, wani farin tushe da Larabawa ke so. Ta sule fatar kazar, ta yanke kitsen da ke wajen wutsiya ta yar. Ta daka tafarnuwa da citta da masoro da gishiri kaɗan, ta matse lemun tsami a kai, ta shafe kazar ciki da waje, ta cusa albasa a cikinta. Ta yanka kayan lambun manya-manya don kada su narke, ta shimfiɗa su a siniya, wato babban farantin tagulla, ta ɗora kazar a sama yadda romonta zai riƙa sauka a kansu, ta zuba ruwa ɗan kaɗan, ta rufe.

Murhun gida ba ya irin wannan gashin. Amma a ƙarshen lungu akwai furun, inda ake gasa gurasar unguwa, maƙwabta Larabawa kuma kan kai siniyarsu bayan an gama.

"Ka ce wa mai furun ya jira wuta ta kwanta tukuna," ta gaya wa Hashimu. "In ta kusa nuna ya buɗe ta, ta yi ja."

Ango ya ɗauki siniya ya fita ta ƙofar baya.

A nan Rumasa'u ta yi kuskurenta guda, kuma adalci ne a faɗe shi. A gidan mahaifiyarta, abin da aka ba ka ba ka yi amfani da shi ba, mayarwa ake yi, don kada a ce ka ɓoye. Saboda haka ta ɗauki tulun da murfinsa yadda ya zo, ta ajiye a ƙofar ɗakin Inna. Ba ta san a wannan gidan mayar da kyautar uwar miji daidai yake da marinta ba.

Bayan azahar mata suka cika tsakar gida. Da aka buɗe siniyar, ƙamshin tafarnuwa da lemo ya tashi. Kazar ta yi jawur, karas da kabewa sun sha romo sun yi laushi. Amma ba ƙamshi suka zo ji ba. Gwaggo Sa'adiya, ƙanwar Baba, ta karkata siniyar ta leƙa ƙasanta.

"Ikon Allah. Wannan kazar ƙishirwa ce ta kashe ta?"

"Sahara ta ƙetaro a ƙasa," wata ta ce daga baya, "kamar masu ita."

Aka kwashe da dariya. Gwaggo ta je ta taɓa murhu da tafin hannu. "Sanyi ƙalau. Ashe mai furun ne amaryar tamu. Sai a kwashi lefen a kai masa."

Inna Saudatu ba ta yi dariya ba. Ta riga ta ga tulunta a ƙofa.

"Rumasa'u, na ba ki mai, kin mayar mini. Na ba ki murhu, kin kai wa ƙato a waje ya dafa wa mijina abinci. Kin cika wa dattijo faranti da ganyaye kamar akuya. Me muka yi miki a gidan nan?"

Rumasa'u ta ɗaga ido. Hashimu yana tsaye a bakin zaure, yana jin komai. Ta dube shi, ya dubi ƙasa.

"Ki yi haƙuri, Inna," ta ce, hawaye na zuba. "Ba raini ba ne."

"To mene ne?"

Rumasa'u ta share hawayenta, ta mayar wa siniyar da murfinta.

Aka fita da siniyar. Baba Abdulganiyyu ya ci ya ƙoshi, ya sha shayi, karon farko cikin watanni ciwon bai taso masa ba. Ya san dalili sarai. Da siniyar ta dawo babu komai a ciki, Inna ta ce ai dattako ne, ya rufa wa yarinya asiri. Ta aika masa cewa za ta mayar da amarya gidansu ta koyo girki da ladabi. Kalma guda daga bakinsa da ta isa. Abin da ya ce shi ne, sha'anin mata ne, su suka sani. Kafin la'asar Rumasa'u tana kan hanyar Rusaifa.

Mahaifiyarta Hauwa ta juya ta, ta lallashe ta, ta yi mata faɗa. "Ni na koya miki suya da hannuna. Me ya shiga kanki?"

"Umma, umarnin mijina na bi."

"Shi ya ce ki gasa? Don me?"

"Ba nawa ba ne in faɗa."

Labari kuwa ya riga ya zaga. Masu zuwa sayen yaji suna tambaya ko a nan ake sayar da kaza marar mai. Rumasa'u ta daina fitowa rumfa.

Da Hashimu ya zo, a soron gidan suka zauna, ta juya masa gefe.

"Ka ce kana nan."

"Ina nan, Ruma. Na yi rantsuwa ne. Ki daure zuwa bayan hajji."

"Kana nan kam, na gan ka. A bakin zaure."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Inna ta kira dangi ranar Juma'a. Wai za ta soya wa Baba kaza da kanta, ta wanke gidan."

Rumasa'u ta juyo. "Da tulun nan?"

"Da shi."

"Kuma zai ci?"

"Zai ci. In ya ƙi, za a tambaya."

Ta share fuskarta da gefen mayafi. "Yaya, na haɗiye zagi ne don lafiyar Baba. In shirun nan zai kai shi ga wancan kwanon, to me na sha wahalar a kai? Ni ba zan faɗa ba, na ɗauki amana. Amma kai ɗansa ne. Sunana ka bari aka taka, na yafe maka rabi. In ka bari ya ci, ba ni da sauran abin da zan dawo in tarar a wurinka."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga Harami, maza suka zauna a zaure. Aka shigo da kwanon Inna, mai yana kwance har baki. Baba ya nannaɗe hannun riga, ya gutsuri gurasa. Sai Hashimu ya tashi, ya durƙusa, ya ɗauke kwanon daga gabansa.



"Kai, Hashimu, lafiyarka?" in ji wani kawunsa.

"Baba," ya ce, "na rantse ba zan faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma ban rantse zan zauna ina kallo kana ci ba."

Daga bayan labule Inna ta ce, "Yau kuma abincina ne ba ya ciwuwa? Abin da yarinyar nan ta koya maka ke nan?"

Baba Abdulganiyyu ya daɗe yana kallon gurasar da ke hannunsa. Sannan ya ajiye ta.

"Halas, ya isa. Saudatu, matso ki ji. Hakim ya hana ni mai. Ni na ɓoye, ni na ɗaure bakin yaron nan. Yarinyar da kika kora, ita kaɗai ce a gidan nan ta ba ni abincin da bai cuce ni ba. Na cinye shi tas, na bari aka kore ta ina ji."

A bayan labule Inna ta fara kuka a hankali.

Washegari ta tura Gwaggo Sa'adiya Rusaifa, wai a dawo da amarya ba tare da hayaniya ba, abin da ya wuce ya wuce. Hauwa ta shimfiɗa mata tabarma, ta ba ta shayi, ta saurare ta har ƙarshe.

"Madalla," ta ce. "Amma da ana korar 'yata, mata nawa ne a tsakar gidan?"

"Haba Hauwa, ai an gane gaskiya."

"Ku kuka gane. Masu zuwa rumfata ba su gane ba. A tara matan nan, kowa da kowa, har da mai zancen Sahara. Abin da aka faɗa a gabansu, a warware shi a gabansu. Sannan ta dawo."

Gwaggo ta koma tana cewa mutanen hanya sun cika taurin kai. Amma Hashimu ya tsaya a kan maganar surukarsa, wannan karon a tsakiyar gida, da murya mai fita. Aka tara matan. Inna Saudatu ta miƙe a gabansu, abin da ba a saba gani ba.

"Na ce ta raina mu. Ban faɗi daidai ba. Rufa mana asiri ta yi, muka tona nata. Rumasa'u, ki yafe mini."

Rumasa'u ta durƙusa ta kama ƙafarta. "Inna, ni ma na yi kuskuren mayar miki da kyauta. Ban sani ba ne."

"Yanzu kin sani. Ni ma na sani. Tashi ki nuna mini yadda ake cire kitsen nan, tun da ni zan riƙa fama da tsohon."

Baba ya je ya gaya wa ubangidansa gaskiya. Abin da ya ji tsoro bai faru duka ba, bai kuma fasa faruwa duka ba: an karɓe jagorar Mina daga hannunsa an ba Hashimu, shi kuma aka bar shi yana tarbar alhazai a masauki. Jikinsa ya murmure. Rumasa'u ta zauna a ɗakinta cikin mutunci, ta haifi 'ya'yanta a wannan gida, Inna ce ma ta yi mata wankan jegon fari.

Haƙurin Rumasa'u ya yi mata rana, wannan gaskiya ne, kuma 'yan mata su riƙe shi. Sai dai kada manya su fake da shi. Wanda ya ɗora wa yarinya amana, wajibinsa ne ya tsaya kusa da ita lokacin da amanar ta yi nauyi. Wanda kuma ya ɓata sunan wani a gaban jama'a, ba ya isa ya gyara shi a bayan ƙofa. Inna ta biya nata, Hashimu ya biya nasa, Baba ma ya biya, ko da yake a makare. Waɗanda ba su biya ba su ne matan da suka kwashi zagin da gudu suka raba gida-gida, amma da aka ba su neman gafarar suka bar ta a tsakar gida suka tafi. Shi ya sa shekaru bayan haka, a wasu gidajen unguwar, in nama ya bushe sai ka ji an ce kazar Rumasa'u, ana dariya. Duk wanda ya taɓa faɗar haka, hakkinta yana wuyansa har sai ya ba da ragowar labarin.