Makullin Wada

Tun ranar da aka tsamo gawar Wada daga tabkin Madarumfa, Ruƙayya ba ta yi kuka ba. Zuwa kawai take yi biro, ofishin ƙungiyar masu lambu, inda ita da shi suke kula da ordinata, wato kwamfuta.

Wada ya bar wani ɗan shiri da ke tura aikinsu zuwa Git, ma'ajiyarsu ta intanet, da kansa kowace yamma, amma da makullinsa na sirri ya ɗaura shi. Da aka rufe asusunsa, shirin ya tsaya cak. Kullum sai ya ce an hana shiga. Ga tsohuwar ordinatar tana neman mutuwa da aikin shekara a cikinta.

Ran nan ta kai bayan isha'i tana gwadawa, sai wani ya yi sallama a bayanta. Muryar kamar daga cikin randa take fitowa, ɗakin ya cika da warin laka.

"Malama, a banza kike wahala. Da sunan mai shi yake ƙwanƙwasa ƙofa."

"Mai shi ya rasu," ta ce, ba ta ko waiwaya ba.

"Na sani. Matsa kaɗan."

Ta matsa. Wani hannu ya miƙo ta gefen kafaɗarta ya yi rubutu, ya buga madannin ƙarshe da ɗan ƙaramin yatsa, yadda ta saba ganin Wada yana yi kullum. Aiki ya wuce, da sunan Wada a kai.

Madannan sun jiƙe sharkaf. Ta sa bakin mayafinta ta fara gogewa.