Mutum na Goma a Takardar Inshora

Ranar Laraba, 12 ga Maris 2014, 'yan sanda suka fito da Injiniya Maharazu Ashafa daga ofishinsa da ke Erdington, a Birmingham. Ya riga ya amsa laifinsa.

Wani kamfanin inshorar lafiya ne ya kai ƙara. Ƙa'idarsa ita ce, idan ma'aikata goma na ƙaramin kamfani suka shiga tare, ba a tambayar tsohuwar cutar kowa, har ta iyalinsu. Injiniya ya miƙa sunaye goma. Na goman ne ya ƙi zama daidai: Zinatu Uba, cikakkiyar ma'aikaciya, awa arba'in a mako.

Kwana ɗaya kafin kamen, Sufeto Gidaɗo na 'yan sanda, wanda ya tashi a unguwar Aston ta Birmingham, ya same ta a flat ɗinta da ke Whalley Range, a Manchester. Ɗaliba ce mai karatun digiri na uku. Ya ajiye mata takardar.

"Bizarki awa nawa ta ba ki ki yi aiki?"

"Ashirin." "Wallahi ban taɓa aiki a Birmingham ba. Idan uni ta ga wannan, korata za a yi. Saura wata bakwai in gama."

"Kin san Maharazu Ashafa?"

"Ban san shi ba, yallaɓai."

Sufeto ya juya kwafin fasfonta da ke maƙale da takardar. A bayansa an rubuta da biro: Satumba 2011.

"Ranar da kika sauka ƙasar nan, wa ya tarbe ki a filin jirgi?"

Sufeto ma a irin gidan ya girma, inda sabon ɗalibi kan sauka wajen babba, ya ba shi takardunsa a yi masa rajistar GP, wato likitan unguwa.

"Shi ne, Baba muke ce masa," ta ce a ƙarshe. "Wata biyu ina cin abincin gidansa. Ta yaya zan ambaci sunansa gaban hukuma?"

Washegari Sufeto ya je Erdington. Ya ƙirga kujeru: tara.

"Ina Zinatu take zama?"

"Daga gida take aiki," in ji Injiniya.

"Wane aiki?"

"Zane-zane."

"Ilimin ƙwayoyin cuta take karantawa, Alhaji. Buɗe min durowar nan."

A ciki akwai fayil mai kwafin fasfo goma sha huɗu, na duk ɗaliban da suka taɓa sauka a gidansa. A bangon fayil ɗin an rubuta: Amana.

Injiniya ya zauna. 

"Matata Rabi'a ce. Ciwon ƙugu ya hana ta tashi, sau biyu ana ɗage aikin da za a yi mata a asibitin gwamnati. Mu tara ne. Na ce sunan yarinyar kawai zan ara, ai 'yata ce."

"Ka tambaye ta?"

"Da na tambaye ta, ba za ta iya ce min a'a ba."

"Shi ya sa ba ka tambaya ba?"

Ya ɗauki hularsa, ya bi 'yan sandan.

An soke inshorar duka mutum taran. Rabi'a ta koma layin jiran asibitin gwamnati. Sufeto ya rubuta wa hukumar shige da fice cewa Zinatu ba ta taɓa taka ofishin ba. Zuwa ƙarshen Afrilu, ba a ba da amsa ba.